Kafar da Yahuza Ya Toshe

Shekarar da aka ɗauko Yahuza daga Taura aka kawo shi aikin buga tafireta a sabuwar sakatariyar Dutse, samun ɗakin haya a garin ya fi samun inuwa a tsakiyar fako wuya. Ma'aikata sun cika gari, wasu ma a kan bencin ofis suke kwana. Shi kuwa ya taki sa'a. Surukinsa Malam Ɗanmusa yana da kango a bayan gidansa a Limawa, ya ce ya je ya ta da ɗaki biyu ya zauna da iyalinsa. Yahuza ya yi godiya har sai da tsohon ya ce ya isa haka.

Gidajen biyu baya suka ba juna. Ƙofar Yahuza tana kallon lungu, ta Malam tana kallon titi, wanda 'yan acaɓa da motocin yashi ba sa barin sa ya huta. Mai son zuwa daga wannan gida zuwa wancan sai ya bi lungu har ƙarshe, ya fita titi, sannan ya kewayo. Amma babu mai yin wannan wahala, domin katangar ƙasa da ta raba su tana da kafa. Awaki ne suka fara ta, ruwan sama ya ƙarasa, har ta isa babban mutum ya wuce ba tare da ya sunkuya ba.

Ta wannan kafa Inna, surukar Yahuza, take shigowa. Da safe ta zo aron rariya, da rana neman kazarta wake-wake, da yamma ɗan gishiri. In ta shigo kuma ba ta fita da wuri. Ta buɗe tukunya ta ce kanwa ta yi yawa. Ta ɗaga Kamilu, ƙaramin ɗansu, ta ce an bar yaro ba riga. Randar ruwa ma sai da ta sa aka canza mata wuri, wai inda take rana tana dukan ta. Duk wannan faɗa da Rukayya matar Yahuza take yin sa, amma ba ta taɓa kallon ta ido cikin ido ba, ba ta kuma taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce, "Ke." Rukayya ce 'yarta ta fari. Tun yaye aka kai ta Kiyawa wurin kakarta, can ta girma, daga can aka ɗauko ta zuwa gidan miji.

Da faɗan ne kawai, da Yahuza ya jure. Abin da ya fi ƙarfinsa tuwo ne. Ɗan mutunci ba ya cin abinci a gaban surukarsa, ita kuwa Inna sallamarta ba ta fitowa sai ta riga ta kai tsakiyar gida. Da ya ji muryarta sai ya rufe kwano, ya goge hannu a gefen tabarma, ya tsuguna kai a ƙasa. Ita ma ta juyar da fuska gefe.

"An dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Kafin ta gama neman kazar, miya ta daskare. Wata rana ta riske shi da loma mai zafi a baki, ba damar tofarwa, ya haɗiye ta haka nan har hawaye suka zubo masa. Inna ta dubi murhu ta ce, "Ke, rage itacen nan. Hayaƙi ya cika wa mutane ido."

A ofis, Choji, abokin aikinsa mutumin Filato, ya sha tsokanar sa in ya gan shi da rogo da ƙuli a takarda. "Mai mata a cikin gari, kana cin abincin gwagware. Ni da tawa take can gida ai na fi ka ƙiba." Yahuza sai ya yi murmushi kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma ba Inna kaɗai ke bin kafar ba. Safiya, 'yar farin Yahuza, ita ma tun da aka kai ta yaye gidan Inna ba a dawo da ita ba, ga shi har ta fara famfara. Haka aka saba, ba wanda ya ga abin magana. Yahuza ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce 'yar gidan Inna, Rukayya ma shi ya sa take ce masa Baban Kamilu. Kullum da safe yana cikin ba kekensa iska, sai yarinyar ta ɓullo ta kafar da kofin kokonta, ta zauna a kan dutsen niƙa tana zuba masa labarin da bai tambaya ba. Ba ya ɗaga kai. Sai dai in zai fita, akan ga ƙosai biyu a gefen faranti kamar mantuwa ya yi.

Ana nan, marka ta kama. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, wata safiya katangar ta zauna gaba ɗayanta. Gidajen biyu suka koma fili ɗaya. Makon nan Yahuza a tsugune ya yi shi, don ko alwala ya zo yi, ga Inna can tana tankaɗe.

Da ruwa ya ɗan ɗauke, ya kira Ashafa, ƙanin Rukayya, wanda magini ne, kuma abokin wasansa. Ya ja shi zaure, ya yi ƙasa da murya.

"So nake a ta da ita da bulo, ta yi tsawo."

"An gama. Ƙofar fa, a inda take da za a bar ta?"

Yahuza ya sosa ƙeya. "Ai ka san ƙofa rage wa gini ƙarfi take yi."

Ashafa ya ajiye igiyar awo, ya ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi. "Iye. Ɗan Taura ya zama injiniya. Wa ya koya maka, tafireta?"

"Ni dai na faɗa maka."

"Ka fito fili ka ce tsohuwa ta hana ka cin tuwo. Ga wuyanka nan kamar mariƙin lema. Mu muka ba ka mata, muka ba ka fili, yanzu mu za ka toshe."

"Rufa mini asiri, Ashafa. Kada ka kai maganar nan ciki."

"Ni me zan kai? Bulo ai da kansa zai yi magana."

Haka kuwa aka yi. Ranar da gini ya kai inda ya kamata a bar ƙofa aka wuce ba a bari ba, Inna tana tsaye da tsintsiya a hannu tana kallo. Ta kira Safiya, wadda ke wasa da yashi a ɓangaren Yahuza, ta ce ta tsallako kafin a rufe da ita. Yarinyar ta tsallaka. Kafin la'asar katanga ta wuce kan mutum.

Daren farko Yahuza ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida daga shi sai singileti. Ya ci tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, da zafinsa, ya suɗe yatsu, ya nemi ƙari. Ya miƙe ƙafa ya kunna rediyo, ya yi gyatsa ba tare da ya waiwaya ba. Ya ce, "Ashe haka masu gida suke ji."

Rukayya kuwa tsohon ciki gare ta, ƙafafunta sun fara kumbura, ta kwashe kwanuka tana dafa bango.

Da safe ya fito da keke yana ba shi iska. Ya gama tayar baya, ya gama ta gaba, ya koma ya taɓa ta bayan. Dutsen niƙa yana nan ba kowa a kai. Ya bar ƙosai biyu a gefen faranti, da ya dawo da rana ya tarar Kamilu ya cinye. Washegari ma haka. Sai a lokacin lissafin ya zo masa: Inna ba za ta bar yarinya ta kewayo ta titin nan ita kaɗai ba, shi kansa da ya ga an bar ta da sai ya fi kowa faɗa. Ita Inna kuwa ba za ta yafa mayafi ta shigo gidan suruki ta zaure don aron rariya ba. Wannan sai da dalili babba, haihuwa ko rashin lafiya.

Muryar yarinyar dai yana jin ta ta bayan katanga, tana tsokanar kakanta, tana korar kaji. Ya ce a ransa ai ji ma rabin gani ne. Sai kuma wata safiya ya ji tari. Tari ne busasshe, irin mai fitowa daga ƙirji. Yahuza mutum ne da ko zazzaɓi aka ce yaro yana yi, sai ya hango makara. Ya je ofis ya buga takarda ɗaya sau uku, duk da kuskure. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kaɗa makullin keke.

"Kamar na ji ana tari a gidan Baba."

Rukayya tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "Haka ne?"

"Ko wane ne?"

"Ina zan sani, Baban Kamilu? Ni da kai duk a bayan katanga ɗaya muke. Ka tambayi bulo."

Ita ma ba za ta ambaci yarinyar ba, ga kunya ga fushi. Ya sa babbar riga ranar Juma'a bayan an sauko, ya kewaya ta titi ya je gaida Malam Ɗanmusa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin zaure. Tsohon ya karɓe shi hannu bibbiyu, kamar baƙon da ya zo daga wani gari.

"A'a, mutanen nesa. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Na ga gini. Ya yi kyau ƙwarai. Ko iska sai ta nemi izini."

Yahuza ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tambayi lafiyar Inna, aka ce lafiya. Ya tambayi gona, ya tambayi awaki. Ya ce, "Sauran mutanen gida fa?"

"Duk muna nan yadda aka bar mu," in ji tsohon, yana gyara carbi, gefen bakinsa yana motsi.

Ana cikin haka tarin ya sake fitowa daga cikin gida. Yahuza ya ɗaga kai, ya buɗe baki, ya rufe. Mutum ya dubi idon surukinsa ya tambayi lafiyar 'yarsa ta fari, ai gobe a Limawa ba a da wani zance. Ya yi sallama ya taso. A hanya ya tsaya a kemis ya sayi kwalbar maganin tari, ya jefa a aljihu, bai san ta inda za ta isa ba.

Ranar Asabar da hantsi gidan ya yi tsit. Rukayya ta kwanta a ɗaki don ƙafafunta, Kamilu yana barci kusa da ita. Daga can bayan katanga kuwa babu tari, babu tsokana, babu komai, kuma shirun nan ya fi tarin tayar masa da hankali. Ya je ya kara kunne a bulo. Ya dawo ya zauna. Ya sake tashi. Idonsa ya faɗa kan turmi.

Ya san abin da ake cewa da mai leƙen gidan mutane. Ya ce a ransa kallo ɗaya ne, Allah ya ga zuciya. Ya mirgino turmin a hankali zuwa gindin katanga, ya kife shi, ya tattare riga ya hau. Ya kama bakin bulo da hannu biyu, ya ɗaga kai sannu sannu.

Fuskar Inna ce a gabansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai taki ɗaya ba. Ita ma hannunta biyu a kan bulo, ɗankwalinta ya zame.

Abin da jikinsa ya saba shi ya yi. Ya tafi zai tsuguna ya yi gaisuwa, ya manta a kan turmi yake. Turmi ya yi gabas, shi ya yi yamma, ya faɗo da baya a cikin ragowar yashin gini. Daga can ɓangaren ma ya ji wani abu ya gungura, ya ji an ce, "Wash."

Yahuza ya lallaɓa ya tsuguna yana fuskantar katanga, kai a ƙasa, kamar tana ganin sa.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau," muryar ta zo daga ƙasa ƙasa. "Ba a dai ji ciwo ba?"

"A'a. Dama dubawa nake ko ginin ya bushe."

"Ni ma kazata nake nema."

Yahuza ya waiwaya. Ya san kazar nan ba ta iya tsallake ko kwando. Ya dubi inda idon Inna yake kallo lokacin da suka yi karo, sai ya ga ƙofar ɗakin Rukayya ce, labule a ɗage, ana hango ƙafafunta a kan matashi. Nan take rariya da gishiri da kanwar da ta yi yawa suka jeru a gabansa. Shekara da shekaru matar nan tana neman kaza a gidansa. An ɗauke mata yarinya tun ba ta iya magana sosai ba, sai da girma ya zo Allah ya ajiye mata ita a bayan ɗaki, kuma ba ta da bakin da za ta ce ta zo ganin ta. Shi da yake barin ƙosai a gefen faranti ya kamata ya riga kowa ganewa.

Inna ce ta fara magana. "Mutanen gidan suna cin abinci kuwa?"

"Suna ci, Inna. Ƙafa ce dai take ɗan kumbura."

"A daina barin su suna tsayuwar daka. A rage gishiri." Sannan ta ƙara da cewa, "Ta nan ɗin kuma mura ce. Na ba ta citta da zuma, tun jiya ya lafa. Ga ta can ta bi Malam gona, wai ita za ta kore masa tsuntsu."

Yahuza ya ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinsa. Ya laluba aljihu, kwalbar ba ta fashe ba. Ya miƙe ya ɗora ta a kan katanga ba tare da ya ɗaga ido ba, ya koma ya tsuguna. Jim kaɗan ya ji an ja turmi, wani hannu ya ɗauke ta.

Da yamma ya aika aka kira Ashafa. Labari ya riga ya isa gare shi, don tun daga lungu ake jin dariyarsa.

"An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Kai kuma turmi ka hau."

"Ɗauko gudumarka."

"Ƙofa fa rage wa gini ƙarfi take yi, injiniya."

"Ashafa, don girman Allah."

Ya fasa ƙofa daidai inda tsohuwar kafar take, ya kafa mata ƙyauren langa-langa. Ƙyauren ya zo da wani irin kuka, in an tura shi sai ka ce an taka wutsiyar kyanwa, har maƙwabta suna ji. Yahuza ya ɗauko man keke zai ɗiga masa, Ashafa ya riƙe hannunsa.

"Bar shi. Inna ta ce duk wanda ya sa wa ƙyauren nan mai, ita da shi ne."

Tun daga ranar, Inna ba ta fasa shigowa ba. Har yanzu kanwa tana yawa, har yanzu Kamilu ba ya da riga. Sai dai takan jira ta ji kekensa ya fita lungu, in kuwa dole ta kama yana gida, ƙyaure ya yi kuka, ta tsaya a bayansa tana gyaran murya har mutum ya wanke hannu ya sa riga.

Ranar da aka kafa ƙyauren, bayan magariba, Yahuza ya zauna a tabarma ya buɗe kwano. Ya kai loma ta biyu ke nan ƙyaure ya yi ƙara. Ya rufe kwano da sauri, ya fara goge hannu. Safiya ce ta shigo, tana rungume da akushi da hannu biyu, harshe a waje don kada miya ta zube. Ta dire shi a gabansa.

"Inna ta ce a kawo wa mai gidan nan. Ta ce wai in zauna sai na ga an cinye, don mutanen Taura ba su da ƙiba."

Rukayya ta yi dariya daga bakin murhu, karo na farko tun da aka ta da katangar. Yahuza bai ɗaga kai ba. Ya buɗe akushin, dambu ne da zogale yana tururi. Ya matsa gefe a kan tabarmar, ya tura akushin tsakiya, ya ce da Rukayya, "A ba 'yar gidan Inna ruwa ta wanke hannu."